Kifin fitila: mai hawa da magariba, mai sauka da asuba

A shekarar 1942, yaƙin duniya na biyu yana tsakiyar ci, wasu masana da ke yi wa rundunar sojan ruwan Amurka aiki a gaɓar San Diyego suka ci karo da abin da ya ɗaure musu kai. Na'urarsu ta sona, wadda ke aika ƙara cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwa don gano jiragen yaƙi masu nutso, ta riƙa nuna musu ƙasan teku a zurfin mita 300 da 'yan kai, a wurin da kowa ya san zurfinsa ya ninka haka sau da yawa. Da magariba sai wannan ƙasa ta taso sama, da asuba ta koma inda ta fito. Tun da tabo da duwatsu ba sa kwanan sama su yi yinin ƙasa, sai wani masanin halittun ruwa na cibiyar Scripps mai suna Martin Johnson ya kawo bayani a 1945 cewa dabbobi ne, garke a kan garke, har suka zama kamar dabe a tsakiyar ruwa. Ragar da aka zura daga baya ta gaskata shi. Cikin abin da ta fi kwasowa akwai wani ɗan kifi mai manyan idanu da ɗigo-ɗigon haske a ciki da kwiɓi, wanda ya dace a kira shi kifin fitila.

Danginsa, waɗanda masana ke kira Myctophidae, sun kai jinsi kusan 250, kuma suna cikin dukkan manyan tekunan duniya. Shekaru da dama babu wanda ya damu da su sai masu bincike. Yau labari ya canza, domin kifin gaɓa ya ragu, gonakin kiwon kifi suna ta ƙaruwa, masu sarrafa abincin kifi kuma suna neman sabon rumbu. An duba ƙasa an ga kifin da ake cewa nauyinsa ya kai biliyoyin tan, sai ido ya raina fata. Ra'ayina a kan wannan shi ne yawan kifin fitila bai isa hujjar kai masa manyan jiragen su ba. Duk wanda ya duba ƙirar jikinsa da tsarin rayuwarsa zai ga cewa aiki yake yi wa teku kullum dare, kuma har yanzu lissafin ladan wannan aiki bai kammala ba. Nauyin kawo hujja yana wuyan mai son jefa raga.

Jikin da aka ƙera don duhu

A ɗauki jinsi ɗaya a matsayin misali, wanda aka fi sa wa ido wajen kamu: Benthosema pterotum, mazaunin Tekun Oman da Tekun Arabiya da Bahar Maliya, wanda ake samu har tekun gabashin Sin. Wani likitan Ingila mai nazarin halittun ruwan Indiya, Alfred Alcock, shi ya fara bayyana shi a 1890. Tsawonsa bai cika wuce ɗan ƙaramin yatsa ba, santimita 4 zuwa 5 a mafi yawan lokaci. Kansa babba ne idan aka kwatanta da jikin, idon ya cinye rabon fuska, bakin kuma a tsage yake har bayan ido, cike da ƙananan haƙora masu riƙe abin da ya shigo. Ɓawonsa mai ƙyallin azurfa ne, mai saurin saɓulewa, shi ya sa yakan fito daga raga a kwaile. Tsakanin ƙegen baya da wutsiya akwai wani ɗan tsiron nama marar ƙaya. Abin da ya ba shi suna kuwa yana jere a ƙasan ciki da gefen jiki: ɗigo-ɗigo masu kama da ƙananan ƙoƙuna, kowanne da abin mayar da haske a bayansa, da wani ɓawo garai-garai a gabansa mai aikin gilashin fitila. A cikin ƙoƙon ne wasu sinadarai biyu ke haɗuwa da iskar oksijin su ba da haske tsakanin shuɗi da kore, marar zafi, irin dabarar da maƙesu ke yi da dare a damina. Kifin ne da kansa ke sarrafa hasken, ya ƙara ko ya rage.

Me zai sa abin farauta ya kunna fitila a inda ake nemansa? Amsar tana cikin yanayin wurin. Daga mita 200 zuwa 1,000, hasken rana ya yi rauni ƙwarai, tsiro ba ya iya rayuwa, amma akwai sauran wani dishi-dishi mai saukowa daga sama, kamar na bayan faɗuwar rana. Maharban wannan yanki da yawa idonsu sama yake kallo, suna jiran inuwar abin da zai gifta. Kifin fitila yana daidaita hasken cikinsa da na sama, sai inuwarsa ta ɓace, mai kallo daga ƙasa ya ga ruwa kawai. Fitilun ciki ke nan, na ɓuya. Na gefen jiki kuwa kamar tsagar fuska suke: kowane jinsi da adadinsa da jerinsa, har masu bincike da su suke tantance wannan daga wancan, kuma akwai hujja mai ƙarfi cewa kifayen ma da su suke gane 'yan uwansu a cikin duhu. A jinsuna da dama namiji yana da wani facin haske a saman gindin wutsiya, mace a ƙasansa. Idon kuma an cika shi da ƙwayoyin gani na dare, masu kama shuɗin haske komai ƙanƙantarsa.

Cikin kifin akwai jakar iska mai hana shi nutsewa ko tasowa ba da son ransa ba, kuma ita ce ke mayar da ƙarar sona har masana suka ɗauke shi ƙasa. Wannan jaka tana shan wahala, domin duk mita 10 da aka sauka, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Kifin da ya yini a mita 300 ya kwana kusa da saman ruwa yana ratsa bambancin matsi kusan ninki 30, sau biyu a kwana ɗaya. Wasu jinsunan idan sun girma jakar takan ƙanƙance ko ta cika da kitse, su huta da kumburi da motsewar iska. Ita kanta tafiyar ba wasa ba ce. Mita 300 ga kifi mai santimita 5 tsawon jikinsa ne sau 6,000, kamar a ce mutum ya yi iyon kilomita 10 ya je cin tuwon dare, ya sake yin 10 ya dawo kafin gari ya waye, kullum, ba fashi. Dalilin ɗaukar wannan wahala shi ne abinci yana sama, tsaro yana ƙasa. A sama ne ƙananan tsirrai masu yawo a ruwa ke samun rana, a nan ne 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande masu girman ƙwayar gero ke kiwo, su ne kuma tuwon kifin fitila. Amma da rana saman ruwa fili ne na masu farauta da ido, don haka sai duhu ya rufa ake hawa.

A Tekun Arabiya wannan tsari ya samu wuri mai dacewa da shi. Daga Yuni zuwa Satumba iskar damina ta kudu maso yamma tana tura ruwan saman gaɓar Oman da Somaliya, sai ruwa mai sanyi mai taki ya taso daga ƙasa, ƙananan tsirrai su yi yabanya. Abin da ya mutu daga cikinsu yana nutsewa yana ruɓewa, ruɓewar tana cinye oksijin, har aka samu wani yanki mai kauri, daga wajen mita 150 zuwa kusan 1,000, inda numfashi ke gagarar yawancin kifaye. Benthosema pterotum yana jure yini a cikin wannan ruwa mai ƙarancin iska, inda manyan maharba irin su tuna ba sa iya daɗewa. Rayuwarsa gajera ce, shekara guda ko ƙasa da haka: ya ƙyanƙyashe, ya girma, ya zuba ƙwai, ya mutu. Ɗan uwansa na ruwan sanyin arewacin Atlantika, Benthosema glaciale, yakan kai shekara 8, abin da ke nuna cewa ko a gida ɗaya hukuncin wani bai hau kan wani ba.

Lissafin da ya ƙi zama wuri ɗaya

Jirgin binciken Norway mai suna Dr. Fridtjof Nansen, wanda ya fara aiki a 1975 tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ya fara nuna yawan wannan kifi a Tekun Oman. A 1980 masana biyu, Jakob Gjøsæter na Norway da Kouichi Kawaguchi na Japan, suka ƙiyasta cewa kifayen tsakiyar zurfi a duniya baki ɗaya sun kai tan biliyan 1. Wannan adadi aka riƙe sama da shekara 30. Sai jirgin Sifaniya ya zaga duniya a balaguron Malaspina na 2010 zuwa 2011 yana auna amsa-kuwwa, Xabier Irigoien da abokan aikinsa suka fitar da sakamako a 2014 cewa adadin zai iya ninka na farko sau 10. Dalilin giɓin shi ne ƙiyasin farko ya dogara da raga, kifin kuwa yana jin zuwanta ya kauce. Kifi na ganinka, mai jar koma. Ita ma sona tana da nata ruɗin, domin akwai wasu halittu masu laushin jiki kamar majina, masu ɗauke da kumfar iska, waɗanda amsa-kuwwarsu ke kama da ta kifi. Shi ya sa ƙiyasin da ake yi yanzu ke lilo tsakanin tan biliyan 1 da kusan biliyan 20. A kwatanta da kamun kifin teku na duniya duka, wanda ke wajen tan miliyan 80 a shekara, za a gane abin da ke tsokale wa 'yan kasuwa ido. Amma duk hukumar da za ta yanka wa masunta kaso sai ta san jarin da take yankawa daga ciki. Kashi 1 cikin 100 na biliyan 20 shi ne kashi 20 cikin 100 na biliyan 1, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tazarar da ke raba su da ɓarna.

Aikin kifin fitila na farko shi ne zama gada tsakanin ƙananan halittu da manya. Tuna da sauran manyan kifaye masu nutso, dolfin, wasu kifayen wel, da tsuntsayen teku masu kiwon dare duk suna cin sa. A tekun kudu kusa da Antatika, manyan tsuntsayen fengwin na tsibiran can kusan da shi kaɗai suke rayuwa a lokacin kiwon 'ya'ya. Tunan gwangwanin da ake cikawa a Tema ta Gana ma tana da alaƙa da wannan sarƙa. Kilo ɗaya na tuna ya ninka kilo ɗaya na garin kifi daraja sau da yawa, don haka mai kwashe abincinta domin niƙa gari yana iya sayar da saniya ne ya sayi akuya.

Aiki na biyu ido ba ya ganinsa. Ƙananan tsirran saman teku suna zuƙe iskar kabon, 'yan mitsi-mitsin halittu su ci tsirran, kifin fitila ya ci su da dare, sannan ya gangara ɗaruruwan mita da cikinsa cike. A can ƙasa yake numfashi, a can yake kashi, a can da yawa ke mutuwa. Kabon ɗin da ya kai wannan zurfi yakan ɗauki shekaru gommai, wani lokaci ɗaruruwa, kafin ya sake haɗuwa da iskar sama. Wani bincike da Peter Davison da abokansa na Scripps suka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa a arewa maso gabashin Fasifik kifayen tsakiyar zurfi ne ke ɗaukar kashi 15 zuwa 17 cikin 100 na kabon ɗin da ke sauka ƙasa. Ƙasashen duniya suna kashe maƙudan kuɗi suna neman injinan da za su kama kabon su binne, ga kuma ɗan dako yana yi kyauta tun kafin a ƙirƙiri inji. Mazaunin Sahel, wanda sauyin yanayi ke taɓa gonarsa da garkensa kai tsaye, yana da rabo a wannan dako ko da bai taɓa ganin teku ba.

Abin da masu son kamu ke cewa

Hujjarsu ta farko tana da nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba: duniya na fama da yunwa, ga nama a ruwa. Suna ƙarawa da cewa masana'antun garin kifi a Nuwadibu ta Muritaniya da Senegal da Gambiya suna niƙe kifin da talakan Afirka ta Yamma ke ci, har wani rahoton ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets na 2021 ya ce abin ya haura tan rabin miliyan a shekara. Da za a koma kan kifin fitila, ai da an bar wa mutane nasu. Matsalar ita ce kifin fitila ba ya zuwa tukunya. Ƙarami ne, yana narkewa cikin sa'o'i bayan kamu, wasu jinsunan ruwan sanyi kuma kitsensu mai kama da kakin zuma ne, yana ɓata wa mutum ciki. Makomarsa injin niƙa, inda kilo 4 zuwa 5 ke ba da kilo 1 na gari, garin kuma ya bi mai tsada, wato gonakin salmon da jatan lande na kasuwannin masu hali. Mai kiwon tarwada a Kano ko Ibadan, wanda tsadar abincin kifi ke cinye masa riba, a ƙarshen layi yake. Sannan babu abin da ke tilasta wa masana'antar Nuwadibu ta rufe don an buɗe sabon kamu a wani teku. Muddin kifin gaɓa ya fi arha kamawa, za a ci gaba da niƙa shi, sabon ya zama ƙari a kan tsohon. Abin da zai ceci kifin talaka doka ce a gaɓar Muritaniya da Senegal.

Hujja ta biyu ita ce kifin da ke rayuwa shekara guda yana saurin mayar da gurbi, don haka ba ya ƙarewa. Irin wannan magana masanin halittu Thomas Huxley ya yi a Landan a 1883 game da manyan wuraren kamun kifi na teku, tarihi kuma ya ƙaryata shi. Misali mafi kusa shi ne ɗan kifin ancobeta na Peru, gajeren rai, mai yawan gaske, wanda shi ma garin kifi ake yi da shi. A 1970 an kama sama da tan miliyan 12. Da ɗumamar ruwa ta El Nino ta zo a 1972 ta tarar da jari ya yi rauni, sai kamun 1973 ya faɗo ƙasa da tan miliyan 2, aka ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo. Gajeren rai wuƙa ce mai baki biyu: jinsin da dukkan jama'arsa 'yan shekara ɗaya ne ba shi da tsofaffin da za su riƙe gida idan haihuwar bana ta lalace. Kuma muhallin Benthosema pterotum ba a natse yake ba. Binciken da masanan jami'ar East Anglia suka fitar a 2018, bayan sun aika na'urori masu nutso da kansu cikin Tekun Oman, ya nuna yankin da ba oksijin ya faɗaɗa fiye da yadda ake zato. Ɗora babban kamu a kan kifin da gidansa ke canzawa caca ce.

Hujja ta uku ta fi wayo: ai an taɓa gwadawa, sama ba ta faɗo ba, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Gaskiya ne jiragen Tarayyar Sobiyet sun kama wani jinsin kifin fitila kusa da tsibirin Jojiya ta Kudu a ƙarshen shekarun 1980, Afirka ta Kudu ta kama wani tun shekarun 1970, Iran ta gwada a Tekun Oman, Norway kuma ta ba da lasisin gwaji a nata ruwan. Amma duka wannan dubban tan ne, cokali a cikin kogi, kuma yawancinsu sun tsaya ko sun ja baya ne saboda kuɗin mai da wahalar adanawa sun cinye ribar. Ba su koya mana komai ba game da abin da zai faru idan aka kai miliyoyi. Abin da ke kare kifin fitila a yau a mafi yawan tekuna tsadar kama shi ce kawai, kariyar da za ta rushe ranar da farashin garin kifi ya hau ko aka ƙera ragar da ta fi ta yanzu. Gwajin da ya cancanci sunansa shi ne ƙarami, mai iyaka, da masu sa ido a cikin jirgi, da bayanan da kowa zai gani. Da zarar an sayi jirage da bashin banki, an gina masana'anta, an ɗauki ma'aikata, to tsayarwa ta zama rigimar siyasa, kuma a irin wannan rigima ba a cika jin muryar masana ba sai bayan raga ta fara dawowa wayam.

Akwai hanyar da aka riga aka bi. A 2016 Amurka ta hana buɗe kamun kasuwanci na kifin fitila da wasu ƙananan halittun da manyan kifaye ke ci a ruwanta na gaɓar Fasifik, har sai an tantance illarsa. An yi dokar ne tun babu jirgi ko ɗaya da ke wannan sana'a, shi ya sa ba ta raba kowa da abincinsa ba. Mafi yawan kifin fitila kuwa yana can tsakiyar teku, bayan iyakar mil 200 ta kowace ƙasa, inda yarjejeniyar kare halittun tekun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2023 ta buɗe ƙofar keɓe wurare da auna illar ayyuka kafin a fara su. Ƙasashen Afirka, masu gaɓa da marasa gaɓa irin su Nijar da Cadi, suna da kujera a wannan zaure, kuma matsayin da ya fi musu amfani a bayyane yake: a ƙirga kifin da kyau, a auna kabon ɗin da yake saukarwa, a san rabon tuna da tsuntsaye, sannan a yi maganar abin da ya rage. Manomi ba ya buɗe rumbu ya kai kasuwa sai ya ware iri da abincin gida. Masanan 1942 sun ga garken kifin fitila sun zaci ƙasa ce, kuskurensu kuma bai ci kowa komai ba, ragar bincike ta gyara shi cikin 'yan shekaru. Idan na yau suka gan shi suka zaci rara ce, ragar da za ta nuna musu kuskuren ita ce wadda ta riga ta kwashe shi.